Man Shanun Dije da Ƙirjin Haruna

Ina sanar da jama'ar Gwandu da Kalgo cewa an wanke man shanun matata Dije daga zargin da ya shekara bakwai a kansa. Ba shi da gauraye, ba shi da laifi. Sai dai wanda ya jawo masa zargin, aminina Alhaji Haruna na Kalgo, Allah Ya yi masa rasuwa ranar Talata, 12 ga Maris, 1996. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Haruna, tun ranar da ka yanke jiki ka faɗi a kasuwar Kalgo kana dafe da ƙirji na fara sa maka ido. Aka ce bugun zuciya ne, ƙanenka ya kai ka Ingila. Ka dawo kana cewa kitse ne ya toshe hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciyarka, wai likitoci sun tsaga ƙirjinka, sun ciro jijiya daga ƙafarka, sun yi wa jinin wata hanya ta kewaye. Na yi karatu daidai gwargwado, ban taɓa jin an yi wa zuciya faci da ƙafa ba. Na ɗauka hutawa ka je, ka dawo mana da tatsuniya.

Na ce, "Ɗaga rigar mu gani."

Ka ce, "Malam Atiku, kai ba likitana ba, kai ba matata Hajjo ba." Kunyar Fulani ta hana ka, ni kuwa na ƙara samun hujja.

Daga nan duk zuwan da za ka yi Gwandu, Dije ta kawo tuwon shinkafa, sai ka karkata kwanon ka tsiyaye man shanun gefe. Mutumin da a da yake neman ƙari! Dije ta ce ko kana zargin ta haɗa da man gyaɗa. Ni na ce mata girman kan Ingila ne. Kana ji, sai dai ka yi murmushi ka ci tuwonka gaya.

Duk da haka, kai ne ka ɗauki mahaifiyata a motarka daga Dodoru zuwa asibitin Birnin Kabi da damina, ka tura motar da kanka a laka. Duk wanda ya yi kukan ƙirji a Kalgo ba ka barinsa sai ya ga likita. Har wannan ma na ce talla kake yi wa likitoci.

Da ka cika, Hajjo, uwar 'ya'yanka, ta aiko cewa ka yi wasiyya ni zan yi maka wanka. Mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani sai alheri, kuma wannan alheri ne: tabo daga ƙasan wuya har bakin ciki, da wani dogo daga idon sawu zuwa gwiwa. Ashe ka ajiye mini amsata.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Hajjo, ke da yara, Allah Ya ba ku haƙuri.

Haruna, gaskiya ka faɗa. Ni ne ban yi daidai ba.