Dusar Fara da Zumar Baba Tanko

Cikin shekarun da na yi ina malamin gona a En'e, wato hukumar gargajiya ta ƙasar Gumel, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda muka zuba dusar fara a wani ƙauye gabas da Ɗanzomo. Lokacin mota ba ta san hanyar ba, a kan doki na je.

Ga yadda aikin yake. In fara ta ƙyanƙyashe, kafin 'ya'yan su yi fiffike, sai a kwaɓa dusa da guba da maɗi, a watsa a gabansu. Takardar Baturen gona ta ce a fara yin shela: a ɗaure awaki, a kulle kaji. Na sa an yi har sau biyu. Ni mutum ne mai bin takarda.

Maɗi ne aka rasa. Na ce wa dagaci ai zaƙi ake nema, a samo zuma. Ya aika wurin Baba Tanko, tsohon da ba shi da gona, amya goma sha biyu da ya rataya a itatuwan gawo su ke ciyar da gidansa. Da ya ji baƙon dagaci ke so, ya kawo ƙwarya guda da kansa. Bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Muka kwaɓa dusar da zumar, muka watsa da hantsi. Kafin azahar dusar ta yi baƙi ƙirin, amma ba da fara kaɗai ba. Ƙudan zuma sun ji ƙanshi.

Baba Tanko ya zo ya tsuguna, ya ɗebe su a tafin hannunsa, wasu na ɗan motsi.

"Malam, me ka ba su?"

"Baba, ai an yi shela."

"An yi," in ji shi. "Na ɗaure akuyata."

Kunya ta rufe ni. Muka bi da fartanya muka binne sauran dusar, amma amya uku kawai suka tsira. Na rubuta wa Bature cewa fara ta mutu, gero ya kuɓuta, kuma gaskiya ne. Takardar ba ta da gurbin ƙudan zuma.

Ku da kuka shigo aikin nan bayana, ku sani takarda ba ta ƙirga kowa da kowa ba. Tun daga ranar na daina sa zaƙi a dusa. In na isa gari, sama nake fara dubawa, in na ga amya sai a nemo mai ita ya toshe bakinta tukuna.

Da shekara ta zagayo Baba Tanko ya aiko mini da zuma a ɗan ƙoƙo, ko rabi ba ta kai ba. Ya ce a gaya wa Malam, wannan ta sha ce, ba ta dusa ba.