Baba Murfi Zai Ajiye Sufana

Kowace safiya, kafin direbobi su gama ɗumama motocin kashe gobara, Baba Murfi ya riga ya fita da ƙafa, sufana a kafaɗa, gwangwanin jan fenti a hannu. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, domin shekara talatin da ɗaya ke nan aikinsa shi ne buɗe murafan ƙarfen gefen titi, waɗanda famfon gobara ke ƙarƙashinsu. Zai ɗaga murfi, ya kwashe yashi da leda, ya murɗa ya ga ko ruwa na zuwa, ya shafa fenti, ya yi gaba.

Masu cewa 'yan kwana-kwana kullum ba ruwa suke zuwa su tsaya su ji, don maganar nan ta ishi kowa. A ofishin kashe gobara, aiki a rabe yake. Akwai matar ɗakin waya da ke karɓar kira, akwai direba, akwai masu riƙe tiyo, akwai masu shiga hayaƙi su fito da mutane, kuma rukuni uku ne suke karɓa-karɓa. Mota da ruwanta take fita, amma in an buɗe shi sosai, 'yan mintoci ne tanki ya ƙare. Daga nan sai an jona da famfon titi. In ba a same shi ba, sai dai a tsaya ana kallon wuta tare da ku.

To mu me muka yi da famfunan? Mai gyaran waya ya kafa teburinsa a kan ɗaya. Mai wankin mota ya mai da wani rijiyar gidansu. Baba Murfi ba shi da ikon kama kowa, sai roƙo, shi kuwa ya iya roƙo har ya ba ka haushi.

A layin kafintoci akwai mai shagon katifa da ya ga barandarsa ta yi masa kaɗan, ya malala siminti har kan murfin. Sau uku Baba yana zuwa. A na ukun mutumin ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Baba, don Allah ka je ka huta. Shekara nawa muna nan, ka taɓa ganin wuta?" Baba ya koma ya rubuta rahoto, rahoton ya shiga durowa ya yi barcinsa.

Bara, da tsakar rana, wuta ta tashi a rumfar wani kafinta ta kama ta maƙwabcinsa. Mota ta zo a kan lokaci, tanki ya ƙare, jama'a suka fara zagi, wasu har sun sunkuya neman dutse. Direban ya ba da labarin cewa Baba ya sauko daga bayan mota, ya jingina da turken lantarki, ya yi taku bakwai, ya buga ƙafa a tsakiyar barandar mai katifa.

"A fasa nan," in ji shi.

Mai katifar da kansa ya fizge guduma daga hannun wani kafinta, yana fasawa yana salati. Ruwa ya zo, shaguna shida suka tsira, har da nasa. Washegari aka buga hoton mai riƙe tiyo a jarida, Baba kuwa rabin takalminsa ne ya fito a gefe. Ba a yi mako biyu ba wani ya ɗora janareta a kan murfin da aka tono. Ranar ce kaɗai aka ga Baba ya zauna a bakin titi ya dafe kai.

Yanzu ga shi ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Taswirar da ke bangon ofis ta girmi rabin titunan garin, ta gaskiyar tana cikin kansa. Da shugaban ofis ya tara ma'aikata ya tambayi wanda zai gaje shi, kowa sai ya shiga duba farcensa. Tiyo kowa ke so, don shi ake gani. Baba bai yi fushi ba, ya sayi littafi yana bin layi-layi yana rubuta taku nawa ne daga wane turke. Abin da ke ƙona rai shi ne har yau ba a san hannun da zai miƙa wa littafin ba.

Baba Murfi, kai ne ka kashe gobarar da aka yaba wa wasu. Kai ne ka sha zagi a ƙofar mutanen da kake tsare wa dukiya, washegari ka koma ka yi musu sallama. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwoyin nan hutu.

Ma'aikatan ofis, ɗayanku ya daure ya karɓi aikin nan tun mai shi yana iya nuna hanya. Ku kuma masu shaguna, kowa ya leƙa ƙofarsa yau ya ɗauke abin da ya ɗora a kan famfo, don daga watan gobe babu mai zuwa ya roƙe ku.