Wasiƙar da na rubuta wa Baffan Sadisu

Jiya a hanyar Makoɗa na hango Sadisu shi kaɗai a gonar mahaifinsa, yana nome gero. Na tsayar da mota.

Sadisu ɗalibi ne a jami'ar da nake ba ɗalibai shawara kan shari'a. Bara ya zo ofishina, ya ce Baffansa ya riƙe gonar tun rasuwar mahaifinsa. Ban ce masa ya fara samun dattawan gidansu ba. Nan take na rubuta wa tsohon wasiƙar lauya da Turanci, har da hatimi.

Baffa bai yi karatun boko ba, sai ya miƙa ta ga wani malamin firamare a ƙofar masallaci. A gaban jama'a aka fassara masa ita.

Da na fito daga motar jiya, na ce, "Sadisu, ai mun yi nasara ko?"

Ya ajiye fartanya, ya share gumi. "Barista, gona ta dawo. Amma na kira gayya ranar Asabar, Inna ta tuƙa tuwon mutum ashirin. Ko mutum ɗaya bai zo ba."

Doka na sani, al'adar garinsu ce ban tambaya ba. Ku da kuka taso a karkara, ta ina zan fara ba Baffa haƙuri?