Ƙarƙashin Jif ɗin Baba

Jiya da safe Yaya Sani ya tayar da jif ɗin gidanmu zai kai nama Ikeja. Yana sa giya, sai mai burodin layinmu ta kurma ihu da Yarbanci tana dukan gilashi. Ɗiyata Hanifa ce a ƙarƙashin motar, ta bi 'yar kyanwa. Da na jawo ta, shatin taya na gani a bakin rigarta.

Nan take na tuna Baba. Ta hannu ya sayo motar, wato tokumbo, mai dogayen ƙafafu, saboda ruwan da ke cika layukan Agege. Cikinta ƙarnin fata ne da ƙamshin miskinsa. Bai taɓa murza makulli ba sai ya tattare babbar riga, ya durƙusa da ciwon gwiwarsa, ya leƙa ƙarƙashi.

Wata ranar Sallah muna ciki, zufa na ɓata mana kwalliya, na ce, "Haba Baba, kullum sai ka nemi abin da ba ka ajiye ba!"

Ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce, "Uwata, motar nan inuwa gare ta, yara kuwa inuwa suke bi." Muka yi ta dariya.

Tun rasuwarsa babu wanda ya sake leƙawa. Yau na durƙusa na leƙa ƙarƙashin motar ina kuka, Yaya Sani ya durƙusa kusa da ni.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ka a inuwar da babu fargaba a ƙarƙashinta.