Katunan Baba Sale

Ban taɓa mantawa da ranar da na cakuɗa katunan nan goma sha biyu ba. Ba wanda ya sa ni. Hannuna ne ba ya iya zama wuri ɗaya, tun ina firamare a Kano yake ja mini bulala.

Bara ne, ina da shekara goma sha takwas, kwalejinmu ta tura ni aikin horo na wata uku a wani kamfanin dakon gas da sinadarai a bayan unguwar Danau Kota, a ƙasar wajen da nake karatu. Ku da za a tura bayana, ga aikin: fayilolin direbobi. Direban tanka ba lasin tuƙi kaɗai yake riƙewa ba, akwai izinin ɗaukar kaya masu haɗari, kuma duk shekara sai an sabunta shi. Ni ke cike fom, in rubuta asibitin da za a duba idon mutum da jininsa, sannan Incik Rahim, wato Malam Rahim a yarensu, shugaban sashen kiyaye haɗari, ya sa hannu. Kafin nan nakan zaunar da direba in yi masa bitar alamomin da ake mannawa a jikin tanka, ina ɗaga masa kati ɗaya bayan ɗaya: ja mai harshen wuta, kore mai tukunyar gas, fari mai ƙoƙon kai, da sauransu.

Baba Sale ne kaɗai Bahaushe a direbobin. Mutumin Gumel ne, ya zo ƙasar tun ba a haife ni ba, ya auri 'yar nan, ya samu jan katin zaman dindindin. Ranar da ya ji na yi tuntuɓe na ce "wayyo Allah", ya rungume ni har haƙarƙarina suka gaisa da juna. Daga nan kullum shi ke kai ni cin roti, wata irin gurasa, wurin mamak, wato masu shayin ƙasar, ni kuma in zuba masa labari. Na taɓa ce masa ɓeran ɗakinmu ya kai akuya, har sallama yake yi kafin ya shigo. Ya yi dariya sai da shayi ya sarƙe shi.

Izininsa saura mako biyu ya ƙare. Sau uku muka yi bita, kafin in gama ɗaga kati ya faɗi sunansa. Rana ta huɗu sai na cakuɗa su, don kawai in ga ya yi inda-inda.

Na ɗaga fari mai ƙoƙon kai, alamar guba.

Ya ce, "Gas mai kama wuta."

Na fashe da dariya. Na ɗaga na biyu, na uku. Yana ta jero su bisa tsohon tsari, kamar mai tilawa, idonsa ƙur a kan katin. A na huɗu dariyata ta ɗauke.

"Baba, wasa kake yi?"

Sai ya ce, "Ɗan nema, me ka yi wa katunan?"

Ya tashi ya tura ƙofa, ya gaya mini. Ciwon suga ne ya taɓa idon. Tsakiyar abu ba ya gani sosai, sai gefe-gefe. Hanya kuwa ya haddace ta. Haruffan gwajin ido da ke bangon tsohon asibitinmu na unguwar Setapak ma ya haddace, don shekara da shekaru ba a canza su ba. Matsalar ita ce kamfani ya ƙara sabon asibiti mai na'ura, kuma ni ke zaɓar inda kowa zai je.

"Ka rubuta tsohon, Nura. Shekara ɗaya kawai. Da zarar autata ta gama makaranta, ni da hannuna zan ajiye makulli."

Kwana biyu fom ɗin yana aljihuna. Rana ta biyu da safe na tsaya ina kallon sa yana fitar da tanka. A bakin ƙofa akwai wata tsohuwa mai sayar da shinkafa, da rishonta a kunne. Ya wuce ta da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Wataƙila haka yake wuce ta kullum, ban sani ba. Na koma ofis na rubuta sabon asibiti.

Ban iya gaya masa gaskiya ba. Na ce, "Baba, an rufe tsohon, likitan ya tafi Makka ya ƙi dawowa."

Ya daɗe yana juya kofin shayinsa. "Jiya na karɓo maganina a can. Duk ƙaryarka da daɗin ji, yaro, ban da wannan." Sai ya ce, "Gobe ƙarfe nawa?"

Ni na raka shi. Ya sa goshinsa a na'ura, ko minti biyar ba a yi ba. Likitar ta ajiye biro ta ce a hankali, "Tak boleh, Pacik." Wato ba zai yiwu ba, Kawu. Ya gode mata, har da tambayar lafiyar iyalinta.

Da muka sauka daga bas a titin Jalan Semarak za mu tsallaka, ya ɗora hannu a kafaɗata. Bai taɓa yin haka ba.

"Tunda ka riga ka sani, riƙe ni."

Na riƙe shi. A hankali muka tsallaka.

Abin da na koya ba shi da yawa. Layin nan na asibiti ƙarami ne a fom, amma tuwon gidan mutum yana kansa, ran wasu da ba su san ana yi ba ma yana kansa. Kuma direban da ya fi kowa saurin amsa, ku ƙara duba shi.

Ba a sabunta izinin ba. Incik Rahim ya nema masa gadin ƙofa, aka ba wani saurayi tankar. Wata biyu Baba Sale ya yi yana buɗe mata ƙofa kowace safiya, sannan ya bar aikin.