Ranar da Na Ƙara wa Motar Ango Mai

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labarin ni ne. Ko da tsufa zai kai ni in manta inda na ajiye carbina, ranar auren babban jikana ba za ta fita daga kaina ba.

Yaron a Saudiyya yake aiki, ya dawo ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da Abu Na'ama, don ya yi aure. Ana gobe ɗaurin aure sai ga shi da wata jar mota da ya aro wurin abokinsa na birni. Jama'a, ban taɓa ganin irinta ba! A ƙasa take manne kamar ƙadangare yana shan hantsi, ba rufi, kujera biyu rak. Rashin nauyinta kuwa, da ta maƙale a ramin ƙofar gida samari suka kama gindinta suka tsallakar da ita kamar gado. Idan ya taka ta sai ta yi gurnani, awakin unguwa su watse.

Na ce, "Kai ɗan nema, wagga mota ce ko takalmi?"

Ya ce, "Tsoho, in tsoro kake ji ka faɗa, in sa ka cikin lorin mata."

A nan na rantse kujera ta biyu tawa ce. Ina da dalili. Kakan amarya abokin wasana ne tun muna samari, kuma ya daɗe yana yi mini gori da wata tsohuwar boksinsa, motar a-kori-kura mai suɗaɗɗun tayoyi. Burina kawai ya gan ni na sauko daga jar mota a ƙofar gidansa, rawani na sheƙi. Jikan ya yarda, amma ya roƙe ni: "Ya Hajj, don Allah kar ka taɓa mata komi. Amana ce."

Ni ake ce wa kar in taɓa inji! Gaskiya ban yi nisa a makaranta ba, amma injin ban ruwan gonarmu, wanda mu nan muke kira babur, ni na raine shi tun ina da baƙin gemu. Mutanen gari usta suke ce mini, wato gwanin inji. Ƙa'idata ba ta canzawa: da safe, kafin ka tada inji, ka zaro sandar awo, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa ka duba mai.

Da na dawo daga sallar asuba na tarar kowa na ta kai da kawo wajen tukwane, sai na zagaya wurin motar na ɗaga murfin injin. Na lalubo sandar awo a bakin wani ɗan tanki, na bi ƙa'idata daki-daki. Sanda ta fito a bushe, sai ɗan laima a can ƙarshenta. Na ce innalillahi, amma a raina daɗi ne ya kama ni. Ga yaran zamani za su ƙona motar mutane, ga usta ya gano! Na ɗauko jarkar man babur, na yi ta tsiyayawa har ya kai alamar sama, na ƙara kaɗan don albarka. Ban faɗa wa kowa ba. Na ajiye labarin sai an taru a gidan amarya, in ba da shi a gaban abokin wasana.

Da hantsi aka tashi. Shigata motar ma abin kallo ce: sai da aka naɗe ni, gwiwa a haɓa, jallabiya a cukuikuye. Mata suka rangaɗa guɗa, muka yi gaba, boksi biyu da lorin mata na biye. Da muka hau hanya yaron ya sakar mata, wallahi na ji kamar an ɗauke mini shekaru arba'in. Iska na dukan fuska, gonakin dawa na wucewa fuu, jelar rawanina na kaɗawa a baya. Ina ta ihu, "Ƙara mata, ya zol, ɗan samari! Ƙara mata!"

Muna hango hasumiyar masallacin garin amarya na ji wani ƙauri. Na waiwaya, ban ga lorin mata ba. Hayaƙi ne fari-shuɗi ya toshe hanya, sai hon da tarin mata ke fitowa daga cikinsa. Jikan ya tsaya ya kashe ta, ya kira mai motar a waya, ya buɗe murya kowa na ji. Tambayar farko da mutumin ya yi ita ce ko wani ya ƙara mata mai. Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ne nan na cece ta, a bushe na same ta."

Mai motar ya ce, "Ya ammi, haba baffa, ka kashe ni. Wannan ba a auna ta a sanyi. In ta kwana man gangarawa yake ƙasan inji, sai an tada ta ta yi zafi yake komawa tanki a auna. Cike take ka ɗura mata wani. Kar wanda ya sake tada ta sai an zuƙe shi."

Jikana kallo ɗaya ya yi mini. Lokacin ɗaurin aure ya matso, aka tura jar mota ƙarƙashin wata bishiya, aka cusa ango a gaban boksi. Ni kuwa ba sauran wuri sai lorin mata. A tsakanin tukwane da kwanukan abinci na shiga garin. Abokin wasana na tsaye a ƙofar gida lokacin da ake sauko da ni, ya buɗe hannu ya ce, "Marhaba da uwar biki! Ina jar motar da aka aiko mana labari?"

Allah ya taimaka injin bai lalace ba, makanike daga Sinnar ya zuƙe man ya wanke ta. Ni dai na koyi cewa abin da ka ƙware a kai a gidanka, in ka zo kan kayan wani, tambaya ake fara yi.

Amma a ranar ban saduda ba. A hanyar komawa, cikin lorin nan dai, na shiga yi wa mata bayanin cewa laifin masu ƙera motar ne da ba su bin ƙa'ida. Hajjata, uwargidana, wadda idonta bai daina ja ba, ta sauke mayafi daga hanci ta ce, "Mu mata mukan yi wata guda muna turara amarya da dukhan, hayaƙin itacen ƙamshi, ko jariri ba ya tari. Kai ka tashi turara ango, ka shaƙe dangi kaf. Yi mana shiru, usta."