Kofin da Baba Tsoho Ya Ƙi Miƙawa

Har yau in na wuce gidan da ake tafasa zoɓo, wanda mu a Garwa muke kira folere, sai ƙafata ta rage sauri. Ƙamshin nan mai tsami yakan mayar da ni tsakar gidanmu, ranar Asabar da hantsi, Kaka tana zaune a 'yar kujera tana tace jan ruwan da farin ƙyalle. Ko ɗanɗanawa ba a bari mu yi. Shi ake zubawa a ƙananan kofuna ranar jibin Ubangiji, lahadin da masu baftisma ke karɓar gurasa da ƙoƙo a majami'a. Shekara da shekaru hannunta ne ke haɗa shi.

Majami'armu ƙarama ce, ta masu jin Hausa, a garin da yawancin Kirista ke sujada da Fulatanci ko Faransanci. Mijin Kaka, wanda muke kira Baba Tsoho, shi ne mai wa'azinmu. In zai fara, sai ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur, ba kuma zai sake kallonsa ba. Muryarsa takan fita ta taga har bakin titi. Maƙwabcinmu mahauci, Musulmi, ya sha tare shi da dariya yana cewa, "Malam, yau ma na ji rabona ta katanga." A wurina babu wani babba a ikilisiya da ya wuce shi.

Muna da fasto kuma, amma rabon sa muke yi da majami'un ƙauyuka har wajen Collire da Tuboro. Sai a yi wata biyu ko uku ba mu gan shi ba. Siriri ne, bai kai mahaifina shekaru ba, yana da i'ina, Hausarsa kuma rabi Fulatanci ce. In ya yi wa'azi nakan ga kawunan matan zumuntar ikilisiya suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Ni yarinya ce marar magana, aikina kallo. Na lura duk ranar da ya zo, Baba Tsoho yakan sauka ya zauna a benci na gaba, ya miƙa hannu biyu ya karɓi gurasa kamar kowa. Na ɗauka kara ce yake yi wa baƙo.

Daminar da nake ajin ƙarshe na firamare Kaka ta kwanta. An kai ta asibiti, aka dawo da ita da maganin rage zafi kawai, manya suka koma magana ƙasa-ƙasa. Ranar wata Laraba da safe ina bakin ƙofar ɗakinta da littafina, ruwa yana ɗiga daga rufin kwano cikin bokiti, na ji ta ce, "Malam, ina son jibi."

"Fasto yana Tuboro. Yau za mu aika masa."

"Ba fasto na ce ba. Kofuna suna akwatinka. Burodi yana wurin mai shayi. Kalmomin kuwa ka fi shi iyawa."

Baba Tsoho ya ce, "Ni mai wa'azi ne. Ba a ɗora mini hannu an naɗa ni fasto ba."

Mai karatu, ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Biro ya faɗi daga hannuna, na kasa ɗauka. Mutumin da duk majami'a ke tsit in ya buɗe baki, ashe akwai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba wani dutse ba ne, kofi ne da bai fi babban yatsana ba.

Gwaggo, babbar 'yarsu, tana madafa ta ji. Ta fito da ludayi a hannu. "Baba, shekara nawa kana tsaye gaban mutane? Yau kofi ɗaya ya gagare ka? Ita ce fa ke dafa foleren!"

"Magana aka ba ni, ba a ba ni tebur ba," in ji shi. "Baftisma, ɗaurin aure, jibi, na wanda aka keɓe ne. In na miƙa mata da hannuna, na yi mata ƙarya a bakin kabari."

Idonsa yana kan akwatin kofunan lokacin da yake faɗa. Ina jin ni kaɗai na gani.

Babu waya a lokacin. Aka rubuta wa fasto takarda, mahaucin nan ne ya karɓa, ya ba direban wata motar shanu da za ta nufi Tuboro. Wanda ya san hanyar da damina ya san abin da wannan yake nufi. Muka shiga jira. Kowace ƙarar babur sai Kaka ta buɗe ido. Baba Tsoho bai bar gefenta ba, yana karanta mata Zabura, yana yi mata bayani da muryar da ya saba, amma a hankali. Ranar Juma'a ta juya fuskarta bango ta ce, "Wa'azi kam na ƙoshi, Malam." Ban ƙara jin ta yi masa magana ba. Asabar da la'asar ta cika.

Lahadi da rana, mun dawo daga maƙabarta ke nan, sai ga fasto yana tura babur. Laka har gwiwa, takalminsa ɗaya an ɗaure shi da roba. Kwana biyu ya yi a hanya, a wani rafi ma sai da aka ɗaga masa babur ɗin a kai. Ya ga tabarmi da jama'a, ya tsaya cak. A hannunsa akwai leda, cikinta burodi ne da ruwa ya jiƙa.

Ya zauna kusa da Baba Tsoho. Gwaggo ba ta jira gaisuwa ta ƙare ba, ta zayyana masa komai a gaban mutane, har da maganar da Kaka ta yi da fuskarta a bango. Fasto ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki kalma ta farko ta maƙale, muka jira ta fito.

"Malam, bisa ƙa'ida ba ka yi kuskure ba. Amma da ka ba ta, da ni zan tsaya gaban manya in ce ni na sa ka."

Baba Tsoho ya ce, "Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ban gaya maka ba," in ji fasto. "Na san ba ta da lafiya, na tafi ban bar maka magana ba. Wannan nawa ne."

Sai Baba Tsoho ya rufe fuska da hularsa ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Mata suka janye mu ciki.

Wata biyar bai hau ya yi wa'azi ba. Gwaggo kuma ta daina gaishe shi, abincinsa ma sai ta ba wani ya kai. A cikin watannin ne na ga aikin da ban san sunansa ba a da. Fasto ya riƙa zuwa duk lokacin da ya shigo gari. Ba ya buɗe Littafi. Zama kawai yake yi da tsohon a ƙarƙashin darbejiya, wani lokaci har rana ta karkata ba su yi kalma goma ba. In ya tashi sai ya tsuguna a ƙofar madafa wurin Gwaggo, ta yi ta faɗa iya son ranta, yana cewa "to, Adda, to," yadda Fulani ke kiran yaya. Wata rana ya ɗaga kwanon tuwo ya sa mata a hannu, ya tsaya yana kallonta har ta kai wa mahaifinta. Ni ma ya taɓa tsayar da ni ya ce, "Ke ce kike bakin ƙofa ranar, ko?" Ban san wa ya gaya masa ba. Na gyaɗa kai, hawaye suka zubo, ya bar ni na gama.

Baba Tsoho ya koma wa'azi daga baya, muryar tana nan, sai dai ya rage tsawo. Maganar kofin bai sake ɗaga ta ba har ya rasu. Ni kuma har yau ban yanke hukunci a kansa ba. Wata rana in ga tsoron Allah ne, wata rana in ga taurin kai.

Yanzu Garwa ta cika da majami'u, lasifika a kowace unguwa, duk wanda ya riƙe makirfo fasto ake ce masa. Waya tana aljihun kowa, abin da ya ci mu kwana huɗu minti biyu zai ɗauka. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Bara, ni da ko a taron mata ba na ɗaga hannu, na tare fastonmu a ƙofar majami'a na ce, "In na kwanta ba ka gari, wa ka ba izinin ba ni jibi?" Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi. Da ya dubi fuskata sai ya daina. Ban matsa daga wurin ba sai da ya ambaci suna.